Jinjina ga Ma'aikatan Layin Dogo

Sannunku da aiki, ma'aikatan jirgin ƙasa! Ku ne kuke bin layin dogo da ƙafa cikin tsananin rana, kuna ɗaure kusoshi, kuna sare ciyawa, don matafiyin da ya taso daga Kano ya isa Zungeru lafiya. Da yawanmu mun manta da garin nan, alhali shi ne hedikwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, kuma nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Albarkacinku fasinja ke tsallake kogin Kaduna ta kan gada, ya sauka ya zaga kufan gidajen Turawa. Allah Ya saka muku da alheri, hukuma kuma ta kula da haƙƙinku.