Kundin da 'Yan Wasa Suka Gyara da Hannunsu: Bitar Living Rulebook na Blood Bowl

Saura zagaye ɗaya a tashi, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya. Ɗan wasana mai riƙe da ƙwallo yana gida bakwai daga layin ci, alhali ƙafarsa gida shida kawai take kai shi. Doka ta yarda ya ƙara gida ɗaya da ƙarfin hali, muddin na jefa ƙwayar ludo ta ba ni biyu ko sama. Fuska biyar cikin shida tawa ce. Na jefa, ta ba ni ɗaya. Ina da damar sake jifa guda da nake ta tattalinta tun dawowa daga hutun rabin lokaci, na kashe ta, ƙwaya ta sake ba ni ɗaya. Ɗan wasan ya kife a kan layi, ƙwallo ta yi nata wuri, aka ɗauke shi ranga-ranga. Abokin karawata dariya yake har da riƙe ciki. A lissafi, irin wannan rashin sa'a sau ɗaya take zuwa cikin 36, amma duk wanda ya daɗe a wasan zai rantse maka cewa ta fi haka yawan ziyara.

Wasan Blood Bowl ke nan, wanda Jervis Johnson ya ƙirƙira, kamfanin Games Workshop na ƙasar Ingila ya fitar a 1986. Shaguɓe ne ga ƙwallon zari-ruga ta Amurka, sai dai 'yan wasan halittun tatsuniya ne: dodanni masu koren fata da ake kira Orc, da wadanni masu gemu har ciki, da Elf sirara masu zillewa kamar tarwaɗa, da ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu. Ana buga shi a kan teburi da 'yan mutum-mutumi na roba ko na ƙarfe waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, mai ƙungiya ne yake zama ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Filin allo ne mai gidaje 26 a tsaye, 15 a kwance. Kowane koci yana sa mutum 11 a fili, yana da zagaye takwas a kowane rabin lokaci, kuma da zinare miliyan ɗaya na cikin wasa yake kafa ƙungiyarsa.

Bitar nan ta kundin dokokin ce, musamman wanda aka sani da Living Rulebook, wato kundi mai rai, daga bugu na biyar na 2006 zuwa na ƙarshe da ya fito a ƙarshen 2009 da sunan Competition Rules. Kyauta kamfanin ya riƙa sa shi a intanet. A cikin kundayen wasannin teburi da na karanta, da wuya in nuna wanda hannun masu wasa ya fito fili a cikinsa kamar wannan.

Ƙashin bayan wasan tun bugu na uku na 1994 aka kafa shi. A nan aka kawo ƙwayoyin karo masu zane a fuskokinsu maimakon lamba, a nan kuma aka kawo dokar da zan kira dokar tuntuɓe: da zarar wani ɗan wasanka ya faɗi, ko ya kasa ɗaukar ƙwallo, ko jifarsa ta ɓace, zagayenka ya ƙare nan take, ko da sauran goman ba su motsa ba. Wannan doka ɗaya ita ce ta mayar da wasan darasin tsara aiki. Ka fara da abin da ba ya buƙatar jifa, sannan mai ƙaramin haɗari, ka bar ganganci a ƙarshe. Wanda ya kai karo da ƙwaya biyu ba shi da gwanintar karo, sau ɗaya cikin tara zai sha ƙasa. In yana da ita, sau ɗaya cikin 36. Sabon koci da ido yake wasa, tsohon koci da wannan lissafi.

A 2000 Johnson ya fitar da bugu na huɗu a mujallar wasan, masu wasa suka yi masa ca. Abin da ya biyo baya shi ya ba ni sha'awa. Maimakon kamfani ya toshe kunne, sai aka kafa kwamitin dokoki da ya haɗa ma'aikatan kamfanin da gogaggun 'yan wasa na waje, shi Johnson yana ciki, aka riƙa duba kundin shekara-shekara. Kafin bugu na biyar an shafe wajen shekara biyu ana sakin daftari, lig-lig na ƙasashe daban-daban suna bugawa suna maido da sakamako, ana gyarawa ana sake saki. Tom Anders na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan jigila.

Matsalar da suka tasa a gaba ta lig mai dogon zango ce. A Blood Bowl na wancan zamani ɗan wasa yana tara maki daga wasa zuwa wasa: uku in ya ci, biyu in ya raunata wani, ɗaya in ya yi jifa mai kyau, biyar in shi aka zaɓa gwarzon wasa. Da maki 6 yana samun gwaninta ta farko, sai 16, sai 31, sai 51. To ƙungiyar da ta yi wasa talatin, wa zai tare ta? Ita kuma sabuwar da aka karya wa mutum huɗu a wasanta na biyu, da me za ta tashi?

Tsofaffin bugu sun amsa tambaya ta farko da dokar tsufa. Duk lokacin da ɗan wasa ya sami ƙarin gwaninta, sai a yi masa wata jifa a ga ko shekaru sun cim masa, ya rasa gudu ko ƙarfi, ko ya kwashi ciwon da ba ya warkewa. A takarda dabara ce mai kyau, tana rage wa manya kaifi. A teburi kuwa baƙin ciki ce tsagwaronta, domin a daidai lokacin da kake murnar ɗan wasanka ya girma ake tsinke masa jijiya, ba tare da ka yi kuskuren komai ba. Haka ma tsohon rauni: kafin a fara wasa ake jefa ƙwaya, in ta ba da ɗaya, tauraronka yana benci. Bugu na biyar ya share tsufa gaba ɗaya, ya mayar da tsohon rauni abin da ke ƙara wa ɗan wasa saurin jikkata in an kayar da shi a fili. Hukuncin yana nan, amma yanzu koci yana da ta cewa: ya ɓoye gurgun a baya, ko ya yi kasada da shi a gaba. Mai zane shi kaɗai a ofis zai iya shekara bai ga aibin tsohuwar dokar ba, domin lissafinta daidai yake. Sai wanda aka yi wa ita a daren Juma'a bayan ya yi wata uku yana renon ɗan wasa ɗaya.

A madadin tsufa aka kawo abubuwa uku, kuma a nan kundin ya fi burge ni. Na farko, 'yan cike gurbi: ƙungiyar da ba ta iya fitar da mutum 11 ba, ana ara mata talakawan 'yan wasa kyauta na wannan wasan, da sharaɗin cewa ba su saba da abokan wasansu ba, don haka damar sake jifa ba kullum take yi musu aiki ba. Da wannan kaɗai aka rufe ramin da sababbin ƙungiyoyi ke faɗawa, inda rashin mutane ke jawo duka, duka ke jawo ƙarin rashin mutane, har koci ya tattara 'yan mutum-mutuminsa ya daina zuwa. Na biyu, kuɗin ɗawainiya da ke hawa kan ƙungiyar da darajarta ta kai 1,750,000, yana ƙaruwa yadda take ƙara ƙiba. Na uku, kuɗin cike giɓi. A da, ƙaramar ƙungiya jifa take yi a wani jadawali ta karɓi abin da sa'a ta ba ta, ko ya amfane ta ko bai amfane ta ba. Yanzu bambancin darajar ƙungiyoyin biyu ake ba ta ta yi cefane na wasa ɗaya. In taka 1,200,000 ce, ta abokin karawarka 1,500,000, kana da 300,000 a hannu. Kana iya ɗauko matsafi a 150,000 ya jefa tsawa ko dunƙulen wuta sau ɗaya, ka ware 100,000 na toshiyar baki ga alƙalin wasa. E, cin hanci yana cikin doka da farashinsa a rubuce, kuma ƙungiyar Goblin rabin kuɗi take biya, saboda sanayya. Ko ka tattara kuɗin ka yi hayar fitaccen tauraro. Ƙaramar ƙungiya ba ta zama daidai da babba ba, amma kocinta ya shiga fili da shiri na kansa, kuma ko an doke shi yana da abin da zai zauna yana taunawa: da na sani da likita na ɗauko maimakon matsafi.

Abin da kwamitin ya ƙi taɓawa shi ma abin yabo ne. Babu dokar da sababbin shiga ke kuka da ita kamar ta tuntuɓe, kuma tana nan daram. Ba a kuma daidaita ƙungiyoyi su zama kan-kan-kan ba. Halfling, 'yan gajerun nan masu son ci, ɗan wasansu zinare 30,000 ne, ƙarfinsa biyu, sulkensa shida, iska ma tana iya kayar da shi. Da gangan aka bar su haka, don koci da ya gaji da cin wasa ya sami dutsen da zai hau. Sauraron masu gwaji daban, yi musu biyayya daban. Da duk kukan da aka kawo aka share, da an wayi gari da wasan da babu mai faɗuwa a kan layi, ni kuwa da ban sami labarin da na buɗe da shi ba.

Sai dai kundin yana da tabo, kuma babba ne. Akwai gwaninta uku da in suka haɗu a jikin ɗan wasa ɗaya sukan zama annoba: farce, da mugun naushi, da danne wanda ya faɗi. A ƙa'ida, mai sulke tara sai an jefa goma ko sama da ƙwaya biyu kafin a fasa shi, wato sau 6 cikin 36. Farce yana mayar da abin takwas, sau 15. Mugun naushi yana ƙara ɗaya, ya zama sau 21. Dannewa tana ba da damar sake jifar, sai ka ga an haura kashi 80 cikin 100. Wadan da aka gina ƙungiyarsa kacokan a kan taurin sulke ya koma kamar ƙwai. Kuma tunda raunata mutum yana kawo maki, mai kisan ƙara ƙiba yake yi da kowace gawa. A ganina tsawon gwajin ne ya gaza a nan. Lig na unguwa da ke tashi bayan wasa goma ba ya barin ɗan wasa ya tara makin da zai haɗa ukun nan. Da wasan ya bazu a kwamfuta, musamman bayan wanda kamfanin Cyanide na Faransa ya fitar a 2009, ƙungiya ɗaya ta riƙa buga wasanni ɗaruruwa, sai ɓarakar ta fito kowa ya gani, a lokacin kuwa an riga an rufe kwamitin. Sai a bugun 2016 aka mayar da dannewa dokar ganin dama, aka kuma sa mata tsada.

Rubutun kansa ba na shaƙatawa ba ne. Bugun 2009 an tatse shi, an cire yawancin labaran barkwanci da tarihin ƙarya na ƙungiyoyi da suka ba tsofaffin bugu armashi, aka bar doka tsura. Jerin gwanintar kuma cike yake da togaciya a kan togaciya, alamar cewa kowace jimla an yi shari'a a kanta. Ga alƙalin gasa ni'ima ce. Wanda bai taɓa wasan ba kuwa, gara ya sami mai zaunar da shi ya nuna masa.

Duk da haka kundin ya yi abin da ba a zata ba. Shekaru da dama kamfanin ya juya wa wasan baya, amma ƙungiyar masu wasa ta NAF ta ci gaba da shirya gasanni, har da kofin duniya: Nottingham a 2007, Amsterdam a 2011, Lucca ta Italiya a 2015. Ɗan Jamus da ɗan Sifaniya suna iya zama a teburi ɗaya ba su jin yaren juna, doka ɗaya ta ishe su. Da Games Workshop ya dawo da wasan kasuwa a 2016, kusan wannan kundin ya sake bugawa da 'yan sauye-sauye.

Akwai wani abu da masu gwaji ba su iya ba, wato juya ra'ayin 'yan kasuwa. Kwamitin ya gwada ƙungiyoyi uku ya amince da su, Chaos Pact da Underworld da Slann, amma aka cire su daga bugun 2009, aka bar 21, domin kamfanin ba shi da mutum-mutuminsu na sayarwa. Masu wasa suka ƙi sakin su, suka riƙa haɗa nasu daga wasu akwatuna, NAF kuma ta karɓe su a gasanninta. Biyu na farko sun dawo hukumance a 2017. Slann kuwa, kwaɗin nan masu tsallake kan abokin karawa, da aka tashi sa su a wasan kwamfuta na biyu na Cyanide sai aka tuɓe musu fatar kwaɗi aka sa musu kayan 'yan wasan tsalle-tsalle na Kislev, ƙaton ƙadangaren da ke tsakiyar layinsu aka mayar da shi dabbar beyar mai sarƙa a wuya.