Jinjina ga Jagororin Ennedi

Duk ayarin da ya saɓa jakunkuna ya kutsa kwazazzaban Ennedi, a arewa maso gabashin Chadi, ya kuma fito lafiya, to ya gode wa Tubawan da suka yi masa jagora. Su suka san inda ruwa ke maƙalewa a gindin dutse, su ke ɗaura wa raƙuma jarkoki tun asuba, su ke tsayar da tafiya idan rana ta take. A tafkin Archei, inda raƙuma ke cincirindo cikin baƙin ruwa, sukan nuna maka 'yan kadojin da suka rage, su hana ka matsawa. UNESCO ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, amma a hotunan da baƙi ke yaɗawa, da wuya ka ga fuskar jagora.