Littafin da ya sha talla: cida da yawa, ruwa kaɗan

Kowane manomi ya san irin hadarin nan da kan haɗo baƙi ƙirin, a yi ta cida da walƙiya, a kwashe shanya, daga baya sai yayyafi. Akwai littafi mai irin wannan hali. Sunansa Matched, wato "an haɗa su". Wata Ba'amurkiya ce mai suna Ally Condie, tsohuwar malamar lakkwal, ta rubuta shi da Turancin Ingilishi domin samari da ƴan mata. Ya fito a 2010.

Tun bai fito ba aka fara yi masa kiɗa. A 2008 wani littafi mai suna The Hunger Games ya samu kasuwa ƙwarai, sai masu buga littattafai suka bazama neman irinsa. Jaridu suka ce an saye Matched da ƙannensa biyu a kan kuɗin da ya kai miliyan na dalar Amurka. Kamfanin Disney ya sayi izinin mai da shi silima. Har yau ba a ga silimar ba.

To, me ke ciki? Labarin wata ƙasa ce ta ƙage, a wani zamani mai zuwa, inda hukuma ta riƙe wuyan kowa. Ita ke zaɓa maka aiki da abinci da abokin aure. In ka cika shekara 80, ranar za ka mutu, don an sa maka guba a abinci. Waƙoƙi 100 kaɗai aka bari, sauran an hana. Mutane sun iya karatu da danna na'ura, amma ba a koya wa kowa rubutu da hannu.

Wata yarinya, Kasiya, ta cika shekara 17. Hukuma ta ce mijinta shi ne Zanda, abokin wasanta tun suna ƙanana. Da ta duba hotonsa a na'ura, sai fuskar wani yaro, Kayi, ta ɓullo. Shi kuwa Kayi yana cikin waɗanda hukuma ta hana wa aure. Daga nan zuciyarta ta rabu biyu.

A faɗi gaskiya, akwai wuri mai daɗi. Kayi ya iya rubutu a ɓoye. Yakan ɗauki tsinke a kan tudu, ya zana wa Kasiya baƙaƙe a ƙasa, ta kwaikwaya, sannan su share kada a gani. Duk wanda ya fara riƙe alli da furfura a kansa ya san daɗin ranar da ya rubuta sunansa da hannunsa. Ya kuma san dalilin da zai sa azzalumi ya ƙi jinin wannan rana: mai rubutu yana iya ajiye maganarsa, ya aika ta nesa ba da izinin kowa ba.

A nan ya kamata marubuciyar ta kafa turke. Sai ta bar shi, ta kama wani. Littafin ya fi shafi 350, amma mafi yawansa Kasiya ce ke saƙa da warwara: Zanda ko Kayi? Kuma tun da wuri mai karatu ya gane Kayi take so. Zanda bawan Allah ba shi da aiki sai haƙuri. Gardamar da aka san ƙarshenta ba ta hana kowa barci.

Na biyu, an ce hukumar muguwa ce, amma tsoronta ba ya kama mai karatu sai can wajen ƙarshe. Mu da muka san auren tilas, mun ga yarinya ta daina cin abinci, mun ga wadda ta gudu cikin dare. Kasiya kuwa an ba ta yaro mai kirki wanda ta sani, tana ci tana sha. Kukanta bai kai zuci ba.

Na uku, ƙasar ba sabuwa ba ce. Tun 1993 Lois Lowry ta rubuta The Giver, inda hukuma ke raba aiki da aure, tana kashe tsofaffi a asirce. Shi gajere ne, amma ya fi ratsa jiki.

Na huɗu, labarin bai ƙare ba. An kwashe Kayi zuwa bakin iyaka, Kasiya ta ƙudura nemansa, shi ke nan. Mai son jin sauran sai ya sayi Crossed na 2011 da Reached na 2012. Wannan kamar a sayar maka da tiya guda ta hatsi ne, a ce sai ka dawo kasuwa sau uku kafin a cika maka.

Matched ba shara ba ne, amma tallarsa ta fi shi girma. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Yadda ba ku sayen akuya sai kun duba haƙoranta, haka littafi: ku buɗe, ku karanta shafi biyu ko uku, ku tambayi wanda ya kai ƙarshensa, ba mai sayarwa ba. Wanda ya iya karatu ya samu ikon yin hukunci da kansa. Kada ya mai da wannan iko hannun masu talla.