Tarken Sharuɗɗan Neman Agajin Karatu Na Gwamnati: Misali Daga Rano Da Kibiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce tarke sharuɗɗan da gwamnati ke gindaya wa ɗalibi mai neman agajin kuɗin karatu mai zurfi, sa'an nan a auna su da halin zaman ɗan talakan Rano da Kibiya. Mun zaɓi waɗannan ƙananan hukumomi biyu ne domin dukkansu ƙasar noma ce, kuma akwai reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano a garin Rano, watau ba a rasa masu wannan buƙata a yankin. Hujjarmu ita ce, fom ɗin neman agaji rubutu ne kamar kowane rubutu, kuma akwai irin mutumin da marubucinsa ya ƙudurta a rai. Duk wanda bai yi kama da wannan mutum ba, to, an tankaɗe shi tun kafin a duba cancantarsa.

2.0 Waiwaye

A shekarar 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, amma ta durƙushe, musamman saboda an kasa karɓo abin da aka ranta. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, a lokacin kuwa ɗalibin kwalejin horon malamai ciyar da shi ake yi, har a ba shi ɗan alawus. A 1978 ƙarin sule biyar kan kuɗin abincin yini ya ta da tarzomar ɗaliban jami'o'i. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilmi, shi ma bai taka kara ya karya ba. Abin lura a nan shi ne, sannu a hankali nauyin karatu ya tashi daga wuyan hukuma ya koma wuyan iyaye, kalmar "rance" kuma ta maye gurbin "alawus".

3.0 Doka Biyu A Shekara Guda

A watan Yuni na 2023, Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar rancen ɗalibai. Dokar ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko ma'aikacin shari'a. Waɗannan sharuɗɗa biyu suna tufka da warwara. Na farko yana neman matalauci, na biyu yana neman mai uwa a gindin murhu. Ɗan manomin da ke Rurum ko Tarai, wanda dukiyar gidansu ba ta wuce rumbun dawa da 'yan awaki ba, ina zai sami lauyan da zai ɗaukar masa lamuni? Bugu da ƙari, manomi ba shi da takardar albashi da zai nuna shaidar talaucinsa.

A watan Afrilu na 2024 aka soke wannan doka aka yi sabuwa, wadda ta cire sharuɗɗan nan duka biyu, asusun NELFUND kuma ya buɗe ƙofar nema a watan Mayu na shekarar. Wajibi ne mu yaba wannan gyara. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, wanda babban al'amari ne ga al'ummar da ke ƙyamar riba. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, an kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata domin ɗawainiyarsa.

4.0 Suna Da Lamba

Sai dai an kawar da shingen mutane, an kafa na na'ura. Ta intanet kaɗai ake nema, kuma sai ɗalibi ya kawo lambar JAMB da lambar ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, sa'an nan sai makarantarsa ta riga ta aika da sunansa. Na'ura tana son suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a ko'ina. Al'adar Bahaushe kuwa ba haka take ba. Yaro ɗaya yana iya zama Muhammadu Sani a firamare, ya zama Sani Garba a sakandare, ya zama Sani Garba Kibiya a banki, domin mun saba jingina sunanmu ga garuruwanmu. Ranar haihuwa kuma sau da yawa malamin da ya ɗauki yaro aji ɗaya ne ya kintata ta. Gyaran harafi guda yana cin kuɗin rantsuwar kotu da na mai kwamfuta da na mota, wani lokaci har Kano, ga ɗalibin da rashin kuɗi ne ya kawo shi tun farko.

Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilmi muna ganin wani giɓin. An ɗaura lokacin fara biyan rancen ne a kan shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Mai takardar NCE kuwa ba ya zuwa bautar ƙasa. Wannan ya nuna cewa ɗan jami'a aka hanga da aka zo tsara magana, alhali ɗiyan karkara da yawa ta kwalejin ilmi suke shiga karatu mai zurfi, kuma su ne ke komawa su riƙe firamaren ƙauyukansu.

5.0 Sukolashif Ɗin Jiha

Hukumar sukolashif ta Jihar Kano kyauta take bayarwa, kuma babbar shaidar da take nema ita ce takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A nan ɗan Rano da Kibiya ya fi ɗan birni sauƙi, domin mai unguwa da dagaci sun san kakansa. A 2023 gwamnatin jiha ta sanar da guraben karatun digiri na biyu a ƙasashen waje guda 1,001 ga masu digiri mai daraja ta ɗaya. Shiri ne mai amfani, amma ya kamata mu tambayi kanmu: wa yake kaiwa wannan matsayi? Wanda ya riga ya haye ne. Wanda ya sami gurbi ya rasa kuɗin rajistar shekarar farko, ba ya cikin kowane lissafi, domin bai taɓa zama ɗalibi ba balle a ƙidaya shi cikin waɗanda suka bari.

6.0 Kammalawa

Dangane da abin da ya gabata, muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a buɗe teburin taimakon masu nema a sakatariyar Rano da ta Kibiya, da na'ura da ma'aikaci, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Na biyu, a daidaita sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a fassara sharuɗɗan rancen da Hausa, a fayyace matsayin mai NCE, a karanta wa iyaye a rediyo da zaurukan dagatai. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma uba ba zai yarda ɗansa, balle 'yarsa, ya sa hannu kan bashin da ba a gaya masa ranar biyansa ba. Na huɗu, jiha ta ware wani kaso na sukolashif domin rajistar shekarar farko, a biya kafin a rufe rajista.

Muna roƙon abokan aikinmu da ke wannan zaure su ɗauki nazarin fom da dokokin hukuma a matsayin fage na masana harshe. Ma'aunin kyawun irin wannan rubutu guda ne: ko ɗan manomin da aka yi shi dominsa ya iya karanta shi, ya fahimta, ya cika, ya sami abin da aka yi masa alkawari.