Bulo a kan ƙirji ba ya sauke teɓa

Samarin Birnin Gwari ba su jira kowa ya gina musu gidan motsa jiki ba. Siminti ake kwaɓawa a cika gwangwani biyu, a soka bututun ƙarfe a tsakani, in ya bushe an samu abin ɗagawa. Yanzu kuma ga sabon yayi daga bidiyon TikTok: a kwanta rigingine, a rungume bulo, aboki ya danne ƙafafu, ana tashi ana komawa, wai neman tsokar ciki mai layi-layi, wato "sikis fak".

Ni ban ƙi abin ba. Tsokar ciki tsoka ce kamar ta damtse. In ta saba da nauyin jikinka, ko sau ɗari ka tashi ka koma, juriya za ta ƙaru amma kauri sai ka ƙara mata aiki. A nan masu bulo sun yi gaskiya.

Sai dai mai teɓa ya daina yaudarar kansa. Kitse ne kwance a kan tsokar, jiki kuwa ba ya narkar da kitse a inda ka nuna masa. Wannan maganar kwanon tuwo ce da lemon kwalba.

Abin da ya fi damuna shi ne kwankwaso. Kowace tashi lanƙwasa ƙashin baya ce, ga nauyi a kai, ga fizga don abokai na ƙirge. Wasu ma a bayan ƙeya suke riƙe bulon, wuya ya sha wahala a banza. Sojin ruwan Amurka kansu, a 2021, sun cire irin wannan atisaye daga gwajinsu, suka koma dogarawa kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal. To, balle yaron da ya wuni yana loda buhunan masara a kasuwa, ko yana fito da ƙasa daga ramin zinariya. Bayansa ya riga ya karɓi rabonsa tun kafin la'asar, kuma da shi zai ci abinci har tsufa.

Don haka samari, in za ku ƙara nauyi, ku fara da kilo biyu ko uku, a kan ƙirji, a hankali, ba tare da riƙe numfashi ba. Mai ƙaba ko ciwon baya kuwa ya ga likita tukuna.