Silima: Yaƙin Dorina a Tsibiran Ayoru

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin mutanen da ruwa ne gonarsu? Akwai wata silima da za ta gwada maka su. Wani Bafaranshe, Jan Rush, ya ɗauke ta a 1951, can kogin Isa, wajen tsibiran Ayoru da Firgun da Kutugu, kusa da iyakar Mali. Shi ne wanda ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Sunan silimar da Hausa: Yaƙi Bisa Babban Kogi. Tsawonta rabin awa da ɗoriya.

Sarkawa ne suka haɗu don farautar dorina. Za ka ga sun ɗinka babban jirgi na katako, sun gyara zaguna. Kafin su tashi sai da suka yi wasan bori, suka nemi izinin Harakoi Dikko, uwar ruwa. Sun kashe ta mace, sun kama ɗa da rai. Amma babban namijin ya fasa jirginsu, ya tsere da zaguna a jiki. Nan ne silimar ta yi daɗi, don ba ta ɓoye kunyar mafarauta ba.

To, ga inda ta yi tuntuɓe. Rush ya sa kiɗa daidai wurin farauta. A 1954 ya kai ta Ayoru, aka kafa farin zane, masu abin suka kalli kansu. Suka ce ba haka ba ne: dorina tana ji daga ƙarƙashin ruwa, kiɗa zuciya zai ƙara mata, farauta shiru ake yin ta. Ya cire kiɗan. Ka lura, waɗanda suka gyara aikin mai ilimi ba su shiga lakkol ba. Kogi suka sani.

Saura aibi guda da bai gyaru ba. Baki ɗaya ne ke ba da labarin, nasa, da Faransanci. Matan da ke bandar kifi, da masu noman shinkafa, ba su samu wurin kirki ba. Mai kallo sai ya ce zaman tsibiri yaƙi ne kullum. Alhali babbar rigimarsu da dorina a gona take: cikin dare ɗaya tana iya cinye wahalar wata uku. Rigimar ba ta ƙare da silimar ba. A 2017 an kashe dorinai da yawa wajen Ayoru, har gwamnati ta keɓe musu wuri na kansu a kogin.