Koyar da Ingilishi ta Bakin Faransanci: Sharhi a kan Darussan Farko a Kwalejojin Dakoro

1. Gabatarwa

Yaron Dakoro yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, wato sizyem, bayan shekara 6 na firamare. Tsarin koyarwa ya ɗauke shi a matsayin mai jin Faransanci da zai koyi harshe na biyu. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan zato bai dace da yaron ba. Harshen da yake tunani da shi Hausa ne, ko kuwa Fulatanci ko Tamajak a gida, da Hausa a kasuwa. Ingilishi harshensa na uku ne, wani lokaci ma na huɗu.

Maganar ta ƙara nauyi tun shekarar 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Misalan da za mu kawo mun tsinto su daga littattafan rubutun ɗalibai da muka duba a garin. Alamar * tana nuna jimlar da ba ta karɓu ba. Mun zaɓi kalmar «Ingilishi» ne saboda a Nijar «Turanci» kan nufi Faransanci.

2. Zaton da darussan suka ginu a kai

Sunan ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan yankinmu, «English for French-speaking Africa», ya isa shaida: Faransanci ne mafarin tafiya. Daga baya «English for the Sahel» ya zo da niyyar kusanto da darasi ga ƙasar ɗalibi, kuma niyya ce abar yabo. Sai dai littafi ɗaya da aka shirya wa ƙasa duka ba zai iya tashi daga Hausa da Zabarmanci da Barbarci a lokaci guda ba. Giɓin da ya bari, malami ne yake cike shi, kuma da Faransanci yake cikewa.

Tun 1957 Robert Lado ya kafa hujjar cewa kwatanta harshen ɗalibi da harshen da zai koya yana nuna inda wuya take. A 1967 Pit Corder ya rage wa wannan ra'ayi ƙarfi, domin ba kowane kuskure ne yake fitowa daga harshen uwa ba. Duk da haka babu wanda ya ce a kwatanta da harshen da ɗalibi bai ƙware da shi ba.

Mu ɗauki misali daga nesa. A harshen Bulgeriya, abin da yake daidai da «the» ɗafi ne a ƙarshen suna: «kniga» littafi, «knigata» littafin. Mai rubuta wa ƴan Bulgeriya darasin farko zai iya gaya musu cewa ɗafin nasu ya rabu da suna ya koma gaba. Hausa ma tana da irin wannan ɗafi, «riga» da «rigar», amma ba a ce wa ɗan Dakoro komai a kansa. A Nijeriya kuwa, tun 1969 Elizabeth Dunstan ta fitar da «Twelve Nigerian Languages» don malaman Ingilishi su san tsarin sautin harsunan ɗalibansu, har da Hausa.

3. Tsarin sauti

Tashi daga Faransanci yana jawo asara iri biyu: a ɓata lokaci a kan abin da yaro ya iya, a tsallake abin da yake ba shi wuya.

Bafaranshe yana fama da /h/ ta «hat» da baƙin farko na «chair». Bahaushe yana da su duka a «hanya» da «ciki». Haka kuma Faransancin da ake koyarwa bai bambanta kalmomi da tsawon wasali ba, alhali Hausa ta bambanta «gari» na mutane da «gaari» na tuwo. Bambancin «ship» da «sheep» ba na tsawo kaɗai ba ne, amma tsawo ƙofa ce da Bahaushe zai iya shiga ta cikinta.

Abin da ake tsallakewa shi ne /p/ da /f/ da /v/. Tunda Faransanci yana da su, ana ganin firamare ta gama wannan aiki. Amma Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/ ba, kuma a karin harshen yamma, wanda Dakoro take ciki, ana cewa «hwara» da «tahiya» a inda Kano take cewa «fara» da «tafiya». Saboda haka «pull» da «full» kan zama kalma ɗaya a kunnen yaro, «vote» kuma ta zama «boat». Sannan gaɓar Hausa ba ta farawa da jerin baƙaƙe, shi ya sa «bread» ta zama «burodi», «driver» ta zama «direba». Wasalin nan da ake cusawa shi ne yake sake ɓullowa a bakin ɗalibi idan ya zo «street».

4. Nahawu

Ga jimloli biyar irin waɗanda muka yi ta gani:

(1) *Audu he came.
(2) *I am with a book.
(3) *Open door.
(4) *The sun, she is hot.
(5) *Yes, I did not eat.

Kowace tana da asali a Hausa. Ta (1) ita ce «Audu ya zo», inda lamirin suna dole ne ko da an ambaci mai aikin. Ta (2) ita ce «ina da littafi». Ta (5) amsa ce ga «ba ka ci ba?», domin «i» ɗin Bahaushe yana gaskata maganar mai tambaya ne yadda ya yi ta.

Ta (4) ce ta fi ƙarfin shaida. A Faransanci «soleil» namiji ne, «lune» mace. A Hausa rana mace ce, wata namiji. Yaron da ya kira rana «she» ya nuna mana da kansa harshen da yake fassarowa daga gare shi.

Ta (3) tana koya mana hattara. Madanganci -n ko -r ya yi kama da «the», amma ba ɗaya suke ba. Galibi yana nuna abin da aka riga aka ambata ne, kuma muna cewa «buɗe ƙofa» ko «rana ta fito» ba tare da shi ba. Haka «wani» da «wata» ba su ne «a» ba. Malamin da ya ce «the» shi ne «le» bai taɓa wurin da yake yi wa yaron ƙaiƙayi ba.

Akwai kuma inda Hausa take da riba. Faransanci yana cewa «il mange» ga wanda yake kan ci da wanda ya saba ci. Hausa ta raba «yana ci», ko «shina ci» a bakin ƴan Dakoro, da «yakan ci», kusan yadda Ingilishi ya raba «he is eating» da «he eats». Daidaiton ba cikakke ba ne, tunda muna cewa «yana zuwa kasuwa kullum». Amma rabin hanya ya fi rashin hanya.

5. Kalmomi

Jerin kalmomi da ake rubutawa a allo, Ingilishi a hagu, Faransanci a dama, ya dogara ga cewa yaro ya san ta dama. Idan bai san «puits» ba, to «well» ta zama baƙuwa ta biyu, alhali kullum yana zuwa rijiya. Haddar baƙi biyu ba ta kai shi ga ma'ana.

Ban da haka, cinikin da ya haɗa Maradi da Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya daɗe yana shigo da kalmomin aro. Yaro ya zo aji da «tela», «bokiti», «tebur», «asibiti» da «tasha», bai san daga Ingilishi suke ba. Jari ne da ake bari kwance. Da su za a iya koya masa ma'ana da furuci a lokaci ɗaya, tare da gargaɗin cewa ma'ana kan gusa: «mota» tamu ba ita ce «motor» tasu ba.

6. Kammalawa

Za a iya yi mana suka ta fuska biyu. Ta farko, ajin Dakoro ya haɗa Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma malamin da aka turo daga wata jiha ba lallai ya ji Hausa ba. Ta biyu, masu ra'ayin a koyar da Ingilishi da Ingilishi zalla za su ce shigo da Hausa zai cinye lokacin magana. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya. Amma ba mu ce a mai da darasin Ingilishi darasin Hausa ba. Abin da muke nema shi ne malami ya san tushen kuskure kafin ya ja masa jan layi.

Kayan aikin suna nan. Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu tun 1973, an daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999, ga nahawun Paul Newman na 2000, ga kuma bayanin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar, maƙwabciyar ta Dakoro. Abin da ya kamata sashenmu ya yi shi ne ɗan littafin jagora ga malamin sizyem, wanda zai bi darussa ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda Hausa take taimako da inda take ruɗi, sannan a yi irinsa don Fulatanci da Tamajak. Aikin farko shi ne tattara kurakuran ɗalibai a tsare, aji-aji, kuma wannan batu ne da ya isa kundin digiri na biyu. Muna gayyatar ɗalibanmu ƴan jihar Maradi su ɗauke shi.